Rigimar buta da maikurowef: wa ya ba ka ikon cewa shayin wani ba shayi ba ne?

A watan Janairun 2024 wata farfesar kimiyyar sinadarai a kwalejin Bryn Mawr da ke Amurka, sunanta Michelle Francl, ta ce idan mutum ya ɗan barbaɗa gishiri a shayi yana rage masa ɗaci. Ƙaramar magana ce fa, amma mutanen Ingila suka yi ca a kanta, jaridu suka ɗauka, gidajen talabijin suka ɗauka, kowa na kumfar baki, har sai da ofishin jakadancin Amurka da ke Landan ya fitar da wata sanarwa ta raha yana cewa zuba gishiri a shayi ba manufar gwamnatin Amurka ba ce, kuma su za su ci gaba da haɗa shayi yadda ya dace, wato a maikurowef, na'urar nan ta ɗumama abinci. Aka yi dariya aka watse. To ni abin bai tsaya min a dariya ba, domin a ƙarƙashin wannan wasan akwai wani tunani da mutane da yawa suka riƙe da gaske, cewa akwai hanya guda ɗaya tak ta dafa ruwa da haɗa shayi ko gahawa, duk wanda bai bi ta ba to jahili ne ko kuma bai waye ba. Wannan tunanin ne nake ganin kuskure ne, kuma ina da dalilai.

Mu fara da abin da kowa ya fi yi wa Amurkawa gori a kai, wai gida guda babu butar lantarki, mutum zai ɗebi ruwa a kofi ya tura cikin na'urar ɗumama abinci. Kafin ka ce ƙiwa ce ko rashin sanin daɗi, je ka duba bangon gidansu tukuna. Wutar da ke fitowa daga soket a Ingila bolt 230 ce, filoginsu kuma yana ɗaukar amfiya 13, saboda haka butarsu tana iya jan kusan wat 3000. A Amurka soket ɗin gama-gari bolt 120 ne, butar da ake sayarwa a can galibi wat 1500 take tsayawa. Lissafin ba wuya, rabin ƙarfi, ninkin lokaci. Lita ɗaya ta ruwa da za ta tafasa a wajen minti 2 a Manchesta sai ta kai wajen minti 4 a Cikago. E, gidajen Amurka suna da layin bolt 240, amma na manyan kaya ne kamar murhun lantarki da injin busar da tufafi, ba wanda ke kan teburin kicin ba. To mutumin da kofi ɗaya kawai yake so, ga maikurowef a gabansa da zai ba shi ruwan zafi cikin minti biyu, kuma ba kullum yake shan shayi mai zafi ba, me zai sa ya sayi wata na'ura ta zo ta cinye masa wuri? Ƙarfin wutar gidansa shawara ce da injiniyoyi suka yanke tun kafin a haifi kakansa, shi dai ya tashi ya tarar da ita.

Kuma ita kanta butar da Bature ɗan Ingila yake tinƙaho da ita ai ba tsohuwar aba ba ce. Butar lantarki mai kashe kanta idan ruwa ya tafasa kamfanin Russell Hobbs ne ya fito da ita a 1955, kafin nan galibi a kan wuta ake ɗora buta kamar kowa. Amma da ta shigo sai ta shiga jinin ƙasar har ta kai hukumar rarraba wutar lantarkinsu tana bin jadawalin talabijin, saboda da zarar an tafi hutun rabin lokaci ko an gama wani shiri da kowa ke kallo, miliyoyin mutane suke miƙewa a lokaci ɗaya su kunna buta, su buɗe firij, su shiga banɗaki. Ranar 4 ga Yulin 1990, bayan bugun fanareti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800. Akwai tashar Dinorwig a yankin Wales wadda ake tura ruwa saman dutse a ajiye, idan irin wannan buƙatar ta taso sai a sako shi ya juya injina cikin daƙiƙu. Hatta tankokin yaƙin sojan Birtaniya ana saka musu na'urar tafasa ruwa a ciki tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu, don kada soja ya fito waje dafa shayi a harbe shi. Ni wannan yana burge ni wallahi, al'umma ce da ta gina rayuwarta a kan abin da take so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan tsarin a mayar da shi ma'aunin da za a auna duk duniya da shi.

Dubi Japan, wutarsu ta ma fi ta Amurka rauni, bolt 100 ce, kuma mutane ne masu shan shayi safe da yamma. Ba su zauna suna kuka ba, sai suka yi wata tukunyar lantarki mai kama da babban filas, irin na kamfanonin Zojirushi da Tiger, ta tafasa ruwa sau ɗaya sannan ta riƙe shi da zafi duk yini, ka danna maɓalli ya zubo. A ƙasar Sin kuma ruwan zafi zalla ma abin sha ne, mutum yana yawo da ɗan filas ɗinsa, a jirgin ƙasa akwai famfon tafasasshen ruwa a ƙarshen tarago, kuma gwamnati ta ƙarfafa wannan ɗabi'ar da gangamin tsafta da ta fara a 1952 inda aka riƙa kiran jama'a su tafasa ruwa kafin su sha saboda cututtuka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matsala ɗaya ce, ta samun ruwan zafi a lokacin da kake so, amma amsoshin sun bambanta gwargwadon abin da kowa ya tarar a gidansa.

Sannan akwai tarihi, wanda masu gorin ba sa son a taɓo. Ingila da ake kira ƙasar shayi ai da gahawa ta fara. An buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan a 1652, kuma kasuwar inshorar nan ta Lloyd's daga teburan wani gidan gahawa ta samo asali. Shayi abin masu kuɗi ne a lokacin, har sai da gwamnatin William Pitt ta sauke harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5 a 1784 sannan talaka ya samu ya riƙa sha ba tare da ya saya a hannun ƴan fasa-ƙwauri ba. Ganyen kuma daga Sin yake zuwa, kuma neman abin da za a biya kuɗinsa da shi yana cikin abin da ya sa Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya ya riƙa tura wa Sinawa kayan mayen nan ofiyom, abin da ya kai ga yaƙin 1839 zuwa 1842. A 1848 kamfanin ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya yi shigar Sinawa ya shiga cikin ƙasar ya fito da iri da dashen shayi da ma'aikatan da suka san sarrafa shi ya kai Indiya. Sri Lanka kuwa gonakin gahawa ne a cikinta har sai da wata cutar ganye ta fara cinye su daga 1869, shi ne aka koma shayi. Yau ɗin nan kaso mai yawa na ganyen da ke cikin ƴar jakar shayin da ake tsomawa a Landan daga Kenya yake zuwa. To don Allah mutumin da bai noma ba, bai tsinka ba, kuma hanyar da abin ya zo hannunsa akwai jini da zalunci a ciki, ta yaya zai zama shi ne alƙalin da zai yanke wa duniya hukuncin yadda ake shan shayi? Ya sha abinsa yadda yake so, ba wanda ya hana shi, amma alƙalanci kam a'a.

Amurkawa su ma tarihinsu ne ya kai su inda suke. A Disambar 1773 suka zubar da akwatin shayi 342 a tashar ruwan Boston saboda rikicin haraji da Birtaniya, daga nan shan shayi ya ɗan zama abin kunya ga mai kishin ƙasa, ga kuma gahawa tana zuwa da sauƙi daga Karibiyan da Brazil. Ko da ba wannan kaɗai ne dalili ba, ƙarshenta dai ƙasar ta zama ta gahawa, kuma injin gahawarsu mai ɗigo, irin wanda kamfanin Mr. Coffee ya yaɗa a gidaje daga 1972, shi yake ɗumama ruwansa da kansa, ka zuba ruwan sanyi ka danna ka tafi. Ka ga buta ba ta da aikin yi a nan. Shayin da suke sha ma mafi yawansa mai ƙanƙara ne, musamman a jihohin kudu inda ake haɗa shi a babban jug da sukari mai yawa a saka a firij. Mutumin da shayinsa na yau da kullum mai sanyi ne kake tuhuma don bai damu da tafasar ruwa ba.

Batun gishirin nan kuwa, wanda ya tayar da ƙura, ya girmi Ingila da shayinta da ɗaruruwan shekaru. Lu Yu, malamin nan na ƙasar Sin da ya yi rubutu a kan shayi a ƙarni na 8, ya ce a saka ɗan gishiri a ruwan a tafasar farko, kuma shi ne ya kasa tafasar ruwa gida uku, lokacin da ƙananan kumfa masu kama da idon kifi suka fara tasowa, da lokacin da suke jeruwa a gefen tukunya, da lokacin da ruwan yake birkiɗa gaba ɗaya, ya ce idan aka wuce nan ruwan ya tsufa. A Tibet har gobe da man shanun yak, wasu shanu na kan tsaunuka, da gishiri ake kaɗa shayi, a Mongoliya da madara da gishiri, a Kashmir akwai shayinsu mai launin hoda shi ma da gishiri, a wasu ƙauyukan Habasha gahawa ma da gishiri ake sha. Miliyoyin mutane kenan. Duk waɗannan ba su san shayi ba sai kai?

Akwai ma abin da ya fi ƙarfin al'ada, wato ƙasar da mutum yake tsaye a kai. Ana yawan cewa baƙin shayi sai da ruwa mai digiri 100, to ruwa ba ya kai digiri 100 a ko'ina. Duk hawan kusan mita 300 da ka yi sama, ma'aunin tafasa yana sauka da wajen digiri ɗaya. A Lhasa, babban birnin Tibet, da ke kan tsayin mita 3,650 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 88, a Addis Ababa kuma wajen 92, ko ka kwana kana hura wuta ba zai wuce nan ba. Mutanen da ke zaune a irin waɗannan wuraren idan suka daɗe suna dafa ganye a kan wuta maimakon su zuba ruwa su jira minti uku, ai hankali ne suka yi. Haka ruwan kansa, na Landan da kudu maso gabashin Ingila yana da alli da yawa a cikinsa, shi ya sa cikin butarsu yake yin farin ɓawo kuma saman shayin yake yin wani yanayi mai ƙyalli, har kamfanoni suna haɗa ganye na musamman don irin wannan ruwan. Ganye ɗaya, a dafa shi a gari biyu, ɗanɗano biyu za ka samu.

Kuma ganyen ma ba iri ɗaya ba ne. Koren shayi idan ka kwara masa tafasasshen ruwa ɗaci zai yi, digiri 70 zuwa 80 yake so, akwai wani mai tsada na Japan da ake kira gyokuro wanda 50 zuwa 60 ya ishe shi, har suna da wani ɗan kasko na musamman da ake zuba ruwa a ciki ya huce kafin a kai shi kan ganye. Gahawar da ake tacewa tana son 90 zuwa 96. Wato ko a cikin gida ɗaya dokar "sai ya tafasa" ba ta aiki a kan komai.

Inda bambancin ya fi fitowa fili a wurina shi ne tsakanin masu jiƙa ganye da masu dafa shi. Ɗan Ingila zai ce haramun ne ganyen shayi ya tafasa a kan wuta. Je ka Indiya, ƙasar da ta fi Ingila shan shayi nesa ba kusa ba idan aka haɗa jimilla, ka ga yadda ake zuba ruwa da madara da ganye da sukari da citta da sauran kayan ƙamshi a tukunya ɗaya, ya taso a sauke, ya sake tasowa, sannan a tace. A Turkiyya, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen yawan shayin da mutum ɗaya yake sha, buta biyu ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, ta ƙasa ruwa zalla, ta sama ganyen da ake nomawa a Rize yana jiƙa a hankali da tururin ta ƙasa, idan an zo zubawa a ƴan ƙananan kofunan gilas kowa ya faɗi yadda yake so, mai kauri ko mai ruwa-ruwa, a daidaita masa. Samobar ɗin Rasha ma haka tsarinsa yake, tulun ƙarfe ne mai bututun garwashi a tsakiya da ƴar buta a sama mai ɗauke da shayi mai kauri sosai, kowa ya tsiyaya kaɗan ya ƙara ruwa. Ka lura da hikimar, an yi su ne don zama mai tsawo da mutane da yawa, wanda ya shigo bayan awa ɗaya ma zai samu, ba don mutum ɗaya mai saurin fita aiki ba. A Maroko koren shayi ne da na'a-na'a da sukari, a ɗaga buta sama a tsiyayo don ya yi kumfa ya kuma ɗan huce.

Gahawa ma haka. A Habasha, inda itacen ya samo asali, ba a fara da gari, da ɗanyen ƙwaya ake farawa. Matar gida za ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta kunna turaren wuta, ta wanke ƙwayar ta zuba a faffaɗan kasko a kan garwashi tana juyawa har ta yi baƙi tana ƙyallin mai, sannan ta ɗauko kaskon ta zagaya da shi gaban baƙi kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Sai ta daka a turmi, ta zuba a jabana, wata tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ta mayar kan wuta, idan ya taso ta sauke ta jingine ta har garin ya kwanta, sannan ta tsiyaya a jere cikin ƙananan kofuna marasa mariƙi ba tare da ta katse zubin ba, ga gugguru a gefe. Zagaye uku ake yi, abol da tona da baraka, kowanne bai kai wanda ya gabace shi kauri ba, kuma tashi kafin na uku ba ladabi ba ne. Abin yana cin awa guda ko fiye. Yanzu wani ya zo da agogo da sikeli ya ce mata ruwanta ya wuce digiri 96 saboda haka ta ɓata gahawa, wannan ai rashin kunya ne. A Turkiyya garin mai laushi kamar kwalli ake dafawa a ɗan ƙaramin kasko mai dogon hannu, ba a tacewa, kuma UNESCO ta saka wannan al'adar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013, ta saka gahawar Larabawa da ake zubawa daga butar dalla a sha da dabino a 2015. A Italiya akwai ƴar tukunyar moka da Bialetti ya ƙera a 1933, tururi ne yake tura ruwa ya ratsa gari ya hau sama. Takardar tacewa kuma wata matar aure ce a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro a 1908 da takardar shanye tawada ta littafin ɗanta saboda ta gaji da tsakin gahawa a baki. Wanne ne na gaskiya a cikinsu? Dukkansu mana.

Wani zai ce ai akwai ƙa'ida ta duniya, hukumar ISO mai tsara ƙa'idojin kayayyaki ta fitar da ƙa'ida mai lamba 3103 a 1980, giram 2 na ganye a kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a jira minti 6. Gaskiya ne akwai ta, amma an yi ta ne don masu ɗanɗana ganye a kamfanoni da kasuwannin gwanjo, domin wanda ke Mombasa da wanda ke Kolkata su gwada a yanayi ɗaya su iya kwatantawa. Ba a yi ta don a gaya maka yadda za ka karɓi baƙonka ba.

To amma kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake yi komai daidai ne ba tunda al'ada ce. Akwai wuraren da maganar ta fita daga ɗanɗano ta koma lafiya da asara, kuma a nan ne ya kamata a yi musu na gaske, amma abin takaici nan ne ba a cika tsayawa ba.

Maikurowef yana da matsala ta haƙiƙa, kuma ba wai don ruwan da ya fito daga cikinsa wani ruwa ne daban ba, zafi zafi ne ko daga ina ya zo. Matsalar ita ce ba ka sanin inda ruwan ya kai. Saman kofin yakan fi ƙasan zafi, babu ƙarar da za ta gaya maka ya tafasa, sai ka ciro ruwa mai ɗumi-ɗumi ka tsoma jakar baƙin shayi ya fito salam, ko kuma akasin haka wanda shi ne mai haɗarin. Idan kofin sumul ne ba shi da ko ƙarzuwa a ciki, ruwa yana iya wuce digiri 100 bai yi ko kumfa ɗaya ba, ka buɗe ka gan shi kwance shiru, kana saka cokali ko sukari ko jakar shayi sai ya yi wani irin bori ya fantsamo a hannu da fuska. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da kanta ta yi gargaɗi a kan wannan. Maganinsa mai sauƙi ne, kada a wuce lokacin da ya kamata, a saka ɗan tsinken katako a cikin kofin kafin a kunna, a bar shi ya ɗan zauna kafin a ciro, a juya. Wanda zai gaya wa Ba'amurke wannan ya taimake shi, ya fi masa amfani a kan zagin da ake yi masa.

Masu butar ma suna da nasu laifin, kuma ba sa son a faɗa. Mutum zai cika buta dam don kofi ɗaya, ya tafasa, ya manta, ya dawo ya sake tafasawa, wutar da aka ƙona a kan sauran ruwan duk ta tafi a banza, idan ka ninka wannan da miliyoyin gidaje sau da yawa a rana ba ƙaramar asara ba ce. Buta ta fi maikurowef iya mayar da wuta zafi, wannan haka yake, amma wanda ya tafasa lita ɗaya da rabi don ya sha kwata ya zubar da wannan ribar tun kafin ya fara gori. Sannan ga sabon yayin gahawar ƴan ƙananan gwangwanaye na roba da alminiyom, irin na Nespresso da Keurig, kowane kofi ɗaya da sharar da yake bari. Ni wannan ya fi damuna a kan ko madara ake fara zubawa ko shayi. Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yadda talla take sa matasa a ƙasashen da suka gaji hanyoyinsu masu kyau suke fara jin kunyar tukunyar iyayensu, suna ganin sai abin da ya fito daga inji a kofin takarda ne wayewa, alhali manomin da ya noma ƙwayar ɗan abin da ke isa hannunsa daga kuɗin wannan kofin bai taka kara ya karya ba.

Sai babbar magana, wadda ta shafi mai buta da mai samobar da mai jabana duka. A 2016 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ce shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Ba shayin ba ne matsalar, ba kuma gahawar ba, a wannan zaman ma sun cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, zafin ne yake ƙona fatar ciki a kai a kai shekara da shekaru. Daga cikin hujjojin akwai binciken da aka yi a lardin Golestan na arewacin Iran, inda ake shan baƙin shayi da zafi sosai kuma cutar ta yi yawa, aka ga waɗanda suke kurɓa kafin minti 2 da zubawa sun fi shiga haɗari ninki-ninki a kan waɗanda suke jira minti 4 ko fiye. An ga irin haka a Kudancin Amurka wajen masu shan mate, wani shayin ganye nasu, da zafinsa ta bututun ƙarfe. A wurare da yawa ana ɗaukar shan shayi yana tururi a matsayin jarumta ko alamar an girmama baƙo, mai gida yana ganin idan ya huce ya yi abin kunya, baƙo kuma yana kurɓa yana ƙona harshe don kada a ce ya raina. Wannan kam ko al'adar wace ƙasa ce ina ganin a gyara ta, kuma gyaran ba ya taɓa ganye ko tukunya ko gishiri ko sukarin kowa, a dafa yadda aka saba, a zuba, a ajiye kofin minti huɗu ko biyar ana hira kafin a kai baki, wanda yake saka madara mai sanyi ma ya riga ya rage wa kansa rabin jiran.